Kotu ta tsige shi, akwati ya dawo da shi: labarin zaɓen ƙaramar hukumar Tower Hamlets

Ranar Alhamis 5 ga Mayu, 2022, mutanen Landan suka fita zaɓen kansiloli a ƙananan hukumomi 32 da ke cikin birnin. Kafin gari ya waye jam'iyyar Leba ta fara kiɗa da rawa, domin ta ƙwace wurare uku da 'yan Conservative, jam'iyyar Firaminista na wancan lokaci Boris Johnson, suke ɗauka kamar gadon gidansu. Ta karɓe Wandsworth da ke hannunsu tun 1978, ta karɓe Barnet, ta kuma karɓe Westminster, inda fadar sarautar Birtaniya da majalisar dokoki suke, wadda ba ta taɓa barin hannunsu ba tun zaɓenta na farko a 1964.

Ana cikin wannan murna sai labari ya iso daga gabashin birnin ya zuba wa miyar ruwa. A Tower Hamlets, inda shekara huɗu kafin nan Leba ta lashe kujeru 42 cikin 45, wata ƙaramar jam'iyya mai suna Aspire ta kwashe kujeru 24. Leba ta tsira da 19, Conservative ɗaya, jam'iyyar Green ta masu kare muhalli ɗaya. Kujerar magajin gari kuwa Lutfur Rahman ne ya ci ta, da ƙuri'u 40,804, mai riƙe da ita John Biggs na Leba ya sami 33,487. Abin da ya sa maganar ta zagaya duniya shi ne, wannan Lutfur Rahman ɗin kotu ce ta sauke shi daga wannan kujera a 2015, bayan ta same shi da laifin maguɗi.

Kafin a kai ga yadda aka yi haka, ya kamata mai karatu ya san abin da ake faɗa a kansa. Ƙaramar hukuma a Landan ita ce ke kwashe shara. Ita ke raba gidajen haya masu rangwame ga marasa ƙarfi, ita ke kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ba su da mai riƙo, ita ke ba da izinin gini, ita ke cin tarar wanda ya ajiye mota inda bai kamata ba. Tana karɓar haraji a kan kowane gida, sauran kuɗinta kuma daga gwamnatin tsakiya da harajin 'yan kasuwa suke zuwa. Talaka zai iya shekara goma bai ga ɗan majalisar tarayyarsa ba, amma ranar da rufin ɗakinsa ya fara yoyo ko aka kwana biyu ba a kwashe bola ba, lambar kansila zai nema. A mafi yawan ƙananan hukumomin Landan kansiloli ne ke zaɓar shugaba daga cikinsu. Kaɗan ne, irin su Tower Hamlets da Newham da Hackney da Lewisham, jama'a ke zaɓar magajin gari kai tsaye, kuma a irin wannan tsari akalar mulki kusan duk tana hannun mutum guda.

Ita Tower Hamlets wuri ne mai ban mamaki. A cikinta Canary Wharf take, inda manyan bankuna irin su HSBC da Barclays suka kafa dogayen benaye a bakin kogin Tems. Tafiyar minti goma daga nan za ka tarar da iyali mai mutum shida ko bakwai a cunkushe cikin ɗaki biyu, kuma yankin ya daɗe cikin waɗanda talaucin yara ya fi yi wa katutu a duk Birtaniya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun haura 310,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin Bangaladash ne, yawancinsu daga yankin Sylhet, kuma Musulmi sun kusa kashi 40 cikin ɗari, adadin da babu wata ƙaramar hukuma a Ingila da ta kai shi. Zango ne na baƙi tun tale-tale. Akwai wani gini a titin Brick Lane da Kiristoci 'yan gudun hijira daga Faransa suka gina coci a 1743, daga baya ya zama majami'ar Yahudawa, a 1976 kuma ya zama masallaci.

Mutanen Bangaladash na wannan yanki ba su shiga siyasa don sha'awa ba. Ranar 4 ga Mayu, 1978, ranar zaɓen ƙananan hukumomi ce, wasu matasa suka kashe wani matashi mai aikin ɗinki, Altab Ali, a Whitechapel yana kan hanyarsa ta komawa gida, saboda launin fatarsa. Dubban mutane suka bi akwatin gawarsa cikin zanga-zanga har tsakiyar birni. A 1993 kuma jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujerar kansila ta farko a tarihinta a mazaɓar Millwall, da ratar ƙuri'a bakwai kacal. Wanda ya ga ƙuri'a bakwai ta ɗora maƙiyinsa a kan kujera ba ya buƙatar a yi masa wa'azin muhimmancin fita zaɓe. Daga wannan tarihi ne al'ummar ta koyi yin rajista da fita ƙwai da kwarkwata, kuma shekaru da yawa jam'iyyar Leba ce ta ci moriyar hakan.

Shi ma Lutfur Rahman ɗan gidan Leba ne. An haife shi a Sylhet, ya tashi a gabashin Landan, ya zama lauya, ya zama kansila, har ya shugabanci majalisar ƙaramar hukumar. A 2010, da aka koma tsarin magajin gari, 'yan jam'iyya na yankin suka tsayar da shi takara. Uwar jam'iyya ta ƙasa ta soke tsayarwar bisa wasu zarge-zarge, ta kawo wani. Sai ya fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya ci zaɓe a watan Oktoba, ya zama Musulmi na farko da aka zaɓa kai tsaye a irin wannan muƙami a Birtaniya. Magoya bayansa ba su manta da wannan cin fuska ba har yau, kuma duk abin da ya biyo baya da wannan idon suke kallonsa.

A watan Mayun 2014 ya sake tsayawa, ƙarƙashin jam'iyyarsa mai suna Tower Hamlets First, ya kayar da John Biggs da ratar ƙuri'u dubu uku da 'yan kai. Zaɓen ya zo da hayaniya. Ƙirga ƙuri'un kansiloli, wanda a wasu wurare ake gamawa cikin dare ɗaya, sai da ya ci kwanaki. Wasu masu zaɓe su huɗu suka shigar da ƙara, kuma wannan kasada ce babba, domin da sun faɗi, kuɗin shari'a zai iya cinye gidajensu. Aka yi makonni ana sauraron shaidu. Ranar 23 ga Afrilu, 2015, alƙali Richard Mawrey ya soke zaɓen. Ya ce an jefa ƙuri'a da sunayen waɗanda ba su cancanta ba, an yi coge a ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya, an yi amfani da tallafin da ƙaramar hukuma ke ba ƙungiyoyi wajen sayen goyon baya, an ciyar da mutane don neman ƙuri'arsu, an kuma yi wa Biggs ƙazafin wariyar launin fata. Ya haramta wa Rahman tsayawa takara shekara biyar. Daga baya aka cire sunansa daga jerin lauyoyi.

Akwai laifi guda a cikin hukuncin da ya fi sauran tayar da ƙura, kuma shi ne zai fi jan hankalin mai karatu Bahaushe. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen 2014, wata jarida mai fita da harshen Bengali ta buga wasiƙa ɗauke da sa hannun limamai da malamai 101 suna kira a zaɓi Rahman. Alƙalin ya ce wasiƙar ta wuce shawara, ta nuna wa masu bi cewa zaɓen wannan mutum wajibi ne na addini, don haka ta faɗa ƙarƙashin abin da doka ta kira matsin lamba ta hanyar addini. Dokar tsohuwa ce. Shari'o'in da suka yi suna a kanta an yi su ne a Ayalan a ƙarni na 19, lokacin da limaman Katolika ke tsoratar da mabiyansu daga kan mumbari cewa wanda ya zaɓi wane ya yi zunubi. Fiye da shekara ɗari ba a ji ɗuriyarta ba sai a Tower Hamlets.

Mutane da dama, har da wasu malaman coci, sun soki wannan ɓangare. Suka ce manyan limaman cocin Ingila suna fitar da wasiƙu a kan siyasa, wasunsu ma suna zaune a majalisar dattawa, ba wanda ya kai su kotu. Suka ce hukuncin ya ɗauki Musulmin yankin kamar garken da ba ya tunani sai abin da liman ya faɗa. A ganina wannan suka tana da ƙarfi, domin malami ɗan ƙasa ne, yana da bakin faɗin wanda yake so. Sai dai akwai tazara tsakanin malamin da ya ce wane ya fi cancanta a wurina, da wanda ya ce ƙin zaɓen wane saɓon Allah ne. Na biyun ya ɗauki abin da ba nasa ba ya sa a aljihun ɗan siyasa. Inda layin ya ratsa tsakanin biyun shi ne abin da ke da wuyar nunawa, kuma duk wanda ya taɓa zama a masallaci ko coci ana gab da zaɓe, a kowace ƙasa, ya san yadda magana kan fara daga nasiha ta ƙare a kamfe. Majalisar Birtaniya dai ba ta jefar da dokar ba. Da ta yi wa dokokin zaɓe garambawul a 2022, ta bar matsin lamba ta addini cikin jerin laifuka.

Wani abin da ya kamata a faɗa don adalci shi ne, kotun da ta yi hukuncin kotun zaɓe ce, mai soke sakamako da hana takara. 'Yan sandan Landan sun yi nasu binciken, suka ce ba su sami hujjar da za ta isa a gurfanar da kowa gaban kotun hukunta laifi ba. Rahman bai taɓa amsa laifi ba, ƙoƙarinsa na ganin an warware hukuncin kuma bai yi nasara ba. Saboda haka kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Masu adawa da shi suna nuna hukuncin alƙali, magoya baya suna nuna cewa ba a ɗaure kowa ba.

Aka sake zaɓe a watan Yunin 2015, Biggs ya ci. A 2018 ya sake ci, jam'iyyar Aspire da mutanen Rahman suka kafa ba ta sami ko kujera ɗaya ba. Duk wanda ya dubi alƙaluman wannan shekara zai rantse an binne maganar.

Alamar farko ta bayyana a 2021. Aka yi zaɓen raba gardama kan ko a ci gaba da tsarin magajin gari ko a koma tsarin da kansiloli ke zaɓar shugaba. Biggs, wanda ke kan kujerar, ya goyi bayan a rushe ta. Rahman, wanda wa'adin haramcinsa ya ƙare, ya ce a bar ta. Fiye da kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka ce a bar ta. Kowa a yankin ya fahimci cewa ba tsarin mulki kaɗai aka kaɗa wa ƙuri'a ba.

To me ya dawo da shi? Amsa mafi sauƙi, wadda wasu jaridu suka ruga gare ta, ita ce ƙabilanci: 'yan Bangaladash sun zaɓi ɗan'uwansu. Akwai gaskiya a ciki, amma lissafin bai cika ba. Ita ma Leba tana da 'yan takara da kansiloli 'yan Bangaladash da yawa, kuma a 2018 waɗannan mutane ne suka ba ta kujeru 42. Abin da ya canza a tsakani yana kan titi. Gwamnatin Biggs ta rufe wasu hanyoyin cikin unguwa ga motoci, da nufin rage hayaƙi da haɗari. Masu keke da masu zaman shan kofi a bakin titi suka ji daɗi. Direban tasi, da mai kai kaya, da mai kai tsohuwarsa asibiti, suka ga tafiyar minti biyar ta koma ta ashirin, kuma suka ji cewa ba a tambaye su ba. Rahman ya yi alkawarin buɗe hanyoyin. Ya yi alkawarin gina gidaje, da dawo da tallafin ɗalibai da aka soke, da dakatar da ƙarin harajin gida. Ga tsadar rayuwa ta fara cizo bayan annobar korona. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Leba ta ɓata lokaci mai yawa tana tunatar da mutane hukuncin 2015, abin da kowa ya riga ya sani ya kuma yanke shawararsa a kai.

Sai kuma maganar fita. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe ba su kai rabin masu rajista ba, kuma haka zaɓen ƙananan hukumomi yake a Ingila, sau da yawa ma bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Matashin ma'aikacin banki da ke haya a sabon bene, wanda zai tashi bayan shekara biyu, bai damu da wane ne kansilarsa ba. Iyalin da suka shekara goma suna jiran a ba su gida mai ɗaki uku sun damu ƙwarai. A irin wannan yanayi, wanda ya iya bin gida-gida, ya san sunan kowa da na mahaifinsa da ƙauyen da suka fito, shi ke da rinjaye. Ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai ta isa ta ba mutum ragamar yanki mai mutum fiye da dubu ɗari uku.

Tsarin ƙirga ma yana da nasa hannu. An raba Tower Hamlets gida 20, wasu mazaɓun kansila ɗaya, wasu biyu, wasu uku. A mazaɓa mai kujera uku kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a uku, kuma mutum ukun da suka fi yawan ƙuri'a su ne suka ci, ko da ratar 'yar kaɗan ce. Saboda yawancin mutane jam'iyya guda suke dangwala wa duka ukun, ƙaramin rinjaye kan koma kwashe kujeru gaba ɗaya. Shi ya sa jam'iyya kan iya tashi daga babu zuwa 24 cikin shekara huɗu ba tare da rabin gari ya sauya ra'ayi ba. Zaɓen magajin gari kuwa a wancan lokaci ana ba mutum zaɓi na ɗaya da na biyu. Rahman bai kai rabi a zagayen farko ba, aka ƙara ƙuri'un zaɓi na biyu, mafi yawansu suka tafi wurin Biggs, amma ba su isa su cike ratar ba.

Bahaushen da ya saba jin cewa jam'iyyar gwamna ta lashe dukkan kujerun shugabannin ƙananan hukumomi da na kansiloli a jiharsa zai yi mamakin wani abu a nan. Ma'aikatan ƙaramar hukumar ne da kansu ke gudanar da zaɓen, su ne kuma suka ƙirga ƙuri'un da suka kori mai gidansu. Ana buɗe rumfa ƙarfe bakwai na safe a rufe ƙarfe goma na dare, ana yin alama da fensir a takarda, a kwashi akwatuna zuwa babban zaure a ƙirga da hannu a gaban wakilan 'yan takara. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, ƙuri'ar sa'a ake jefawa. Wannan bai sa tsarin ya zama tsarkakakke ba, shari'ar 2015 ta isa shaida. Ita ce ma ta zama ɗaya daga cikin hujjojin da gwamnati ta kafa wajen kawo dokar nuna katin shaida mai hoto a rumfar zaɓe, wadda ta fara aiki a Ingila a 2023. Kafin nan sunanka da adireshinka kawai za ka faɗa a miƙa maka takarda.

Bayan hawansa, Rahman ya cika wasu alkawuran. A 2023 Tower Hamlets ta zama ta farko a Ingila da ta fara ciyar da dukkan ɗaliban sakandare abincin rana kyauta, tallafin ɗalibai ma ya dawo. Alkawarin haraji bai kai ƙarshen wa'adi ba, an yi ƙari. Maganar hanyoyi ta ƙare a kotu. A 2024 gwamnatin tsakiya ta tura masu bincike, rahotonsu ya koka da rashin yarda tsakanin ɓangarorin siyasa da yadda shawara ta taru a hannun 'yan tsirarun da ke kewaye da magajin gari, daga nan aka naɗa wakilan minista su sa ido. Wannan ne karo na biyu, domin a ƙarshen 2014 ma an tura kantomomi sun karɓi wasu ayyukan ƙaramar hukumar na 'yan shekaru.

Ni dai ban ga dalilin wanke Rahman daga hukuncin 2015 ba. Alƙali ya saurari shaidu, ya rubuta hujjojinsa dalla-dalla, ba a kuma warware su ba. Haka nan ban ga dalilin raina mutum dubu arba'in da suka zaɓe shi a 2022 ba, a zaɓen da aka sa wa ido fiye da kowane a Landan, wanda kuma babu kotun da ta soke. Doka ta ce shekara biyar, ya yi shekara biyar ɗinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne daban: a ranar da aka sanar da sakamako, kansilolin Aspire 24 duk maza ne, duk kuma 'yan asalin Bangaladash, a yankin da rabin mutanensa mata ne kuma kashi biyu cikin uku ba 'yan Bangaladash ba ne. Jam'iyyar da ta taso daga kukan an ware mu bai kamata ta fito da irin wannan jeri ba.

Saura magana ɗaya ga 'yan'uwa mazauna can. Dokar Birtaniya ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar Kwamanwel da ke zaune bisa izini damar yin zaɓe, ko da ba su karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba. Nijeriya da Gana da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar, don haka ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya daga Kano ko Kumasi ko Garwa da ke haya a Landan ko Manchesta na da ƙuri'a a zaɓen kansila daidai da ta wanda aka haifa a can. Rajistar a intanet ake yin ta, ba ta wuce 'yan mintoci, ba a biyan ko kwabo. Wanda harajin gida ke fita daga aljihunsa kowane wata, ya je ya sa sunansa.